Keke a sama, mota a ƙasa: yadda aka sasanta kekuna huɗu da mota ɗaya a gareji guda

Garejin da ake magana a kai na mota ɗaya ne. Daga ciki tsawonsa mita 5.6, faɗinsa mita 3, daga daɓe zuwa silin ma mita 3. Motar gidan tana da tsawon mita 4.6 da faɗin mita 1.8, ban da madubai. In aka cire wannan daga wancan, abin da ya rage gaba da baya mita ɗaya ne cur, hagu da dama kuma mita 1.2. A wannan ɗan rarar ake so kekuna huɗu su riƙa kwana.

Na farko keken lantarki ne na maigida, mai nauyin kilo 25 da batirinsa, kuma da shi yake zuwa aiki kullum. Na biyu na babban ɗansa ne, irin na hawan tudu mai manyan tayoyi, kilo 14, faɗin kansa santimita 76. Ba ya fita sai ƙarshen mako. Na uku ƙaramin keke ne na autar gidan. Na huɗu wani tsohon keke ne da tayoyinsa suka sace tuntuni, ba wanda ya iya tuna ranar da aka hau shi rabon duniya.

Ƙorafin da ya sa aka neme ni mai sauƙin faɗi ne. Keken yaron ana jingine shi a bangon ƙurya, gaban mota. Faɗin kansa kaɗai ya cinye santimita 76 daga mita ɗayan nan, saura 24 a raba tsakanin gaba da baya. Direba in ya matsa gaba, feda ta karci bamba. In ya tsaya baya, ƙofar gareji ta sauko a kan but. Sauran kekunan suna gefen direba, an jera su kan juna, sai mutum ya karkace kafin ya fito daga mota. Uwargida, wadda ita ta fi tuƙa motar, ta riga ta fara barin ta a waje.

Maigida ya riga ya sayo maganin da yake gani zai raba gardama: na'urar ɗaga keke da igiya, wadda ake kafawa a bango. Hannuwa biyu ne na ƙarfe da ke miƙowa daga bango, tsawon kowanne santimita 45, a bakin kowanne akwai fuli, wato 'yar ƙafar nan mai kwari da igiya ke bi ta kai. Daga kowane hannu ƙugiya ce ke saukowa, ita ma da nata fuli, ɗaya ta kama sirdi, ɗaya ta kama kan keke. Igiya ɗaya ce ta ratsa su duka, ta fito ta wani ɗan maƙulli da ke cije ta idan an saki. A jikin kwalin an rubuta cewa tana ɗaukar kilo 45. Niyyarsa ita ce a rataye keken lantarki, tunda shi ne mafi nauyi kuma mafi tsada, a bangon gefe, sama da inda ake wucewa.

Awo kafin huda

Ban taɓa injin huda ba sai da muka ɗauki tef da alli muka zana komai a bango, domin a wurin nan ne yawancin irin wannan shiri ke rushewa. Mutane suna kallon tsayin silin su ce ai akwai wuri a sama, sun manta keke ba shimfiɗaɗɗen abu ba ne. Keken babba daga ƙasan taya zuwa sirdi yakan kai mita ɗaya da ɗoriya. Na yaron mita 1.05 ne. Ƙugiya da fulinta, ko an ja igiya har ƙarshe, suna cin kusan santimita 25 a ƙarƙashin hannun ƙarfen. Idan an kafa hannun a mita 2.85, wanda shi ne iyakar abin da silin zai bari, ƙasan taya zai tsaya a mita 1.55 daga daɓe. Wannan daidai haɓar mutum ne ko goshinsa, gwargwadon tsawonsa. Ke nan keken da aka rataye a bangon gefe bai bar hanya ba, ya dai tashi daga bugun ƙwauri ya koma bugun fuska. Kafin mutum ya wuce ƙarƙashin keke a miƙe, sai silin ya kai kusan mita 3.5, abin da garejin gida ba kasafai yake kaiwa ba.

Saura a nemi wurin da ba mutum ne zai shiga ƙarƙashi ba. Saman rufin mota bai yi ba: motar tana da tsayin mita 1.47, tazarar da za ta rage ba ta kai tafin hannu ba, ga eriya. Gaban gareji kuma ƙofa ta mallake shi, domin irin mai ninkewa ce da ke hawa kan layin ƙarfe ta kwanta a ƙarƙashin silin, tana shiga ciki fiye da mita 2. Wuri ɗaya ya rage, bangon ƙurya, sama da bonet. Bonet bai kai mita ɗaya daga ƙasa ba, don haka tsakaninsa da taya akwai rabin mita da ɗoriya. Keke zai miƙo daga bango santimita 83, wato 45 na hannun ƙarfe da 38 na rabin faɗin kansa, hancin mota ya shige ƙarƙashinsa salin-alin.

Amma wannan wurin yana da sharaɗi: keken da ke saman bonet ba ya saukowa sai an fitar da mota. Da na faɗi haka, maigida ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Malam, ni da nake fita da asuba, kullum sai na tada mota na fitar da ita kafin in ɗauki keke?" Amsar ita ce e, sannan da yamma a sake, a cire jakar baya, a cire batir, a maƙala ƙugiya biyu, a ja igiya, a naɗe ta. Babu wanda zai jure wa wannan na wata guda. Abin da zai faru sananne ne, keken zai koma kwana a ƙasa, na'urar ta zauna a bango tana tara yana. Keken da ya cancanci hawa sama shi ne wanda ake nema jefi-jefi, ba wanda ya fi nauyi ko tsada ba. A gidan nan na yaron ne, kuma dama shi ne ya tsare wa mota gaba.

Akwai dalili na biyu da ya sa keken lantarki bai dace da sama ba. Zafi a gareji yana taruwa ne a ƙarƙashin rufi, batirin litiyam kuwa zafi ke saurin tsufar da shi. Kamfanin Bosch, alal misali, yana ba da shawarar a ajiye batir a busasshen wuri mai matsakaicin yanayi, da caji kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari idan zai daɗe ba a yi amfani da shi ba. Za a iya cire batirin a shiga da shi ɗaki, nauyin ma ya ragu da kilo uku ko makamancin haka, sai dai wannan ƙarin aiki ne a kan aikin da dama ya yi yawa.

An kuma tambaye ni me ya sa ba za a kafa fulin a silin ba, tunda irin na silin sun fi yawa kuma nauyi a kansu yana sauka ne kai tsaye. Na hau tsani na leƙa ta ƙofar silin. Allo ne siriri da aka rataye a kan 'yan filayen katako, an yi su don su riƙe allon da ƙwan lantarki, ba wani abu ba. Manyan katakan rufi suna can sama, kuma ba su faɗo daidai inda ake bukata ba. Bango ya fi.

Abin da igiya ke ragewa da abin da ba ta ragewa

Yadda na'urar ke sauƙaƙa ɗagawa ba wani sihiri ba ne. Fulin da ke kafe wuri ɗaya, irin na bakin rijiya, ba ya rage nauyin guga ko kaɗan, juya hanyar ja kawai yake yi. Wanda ke rage nauyi shi ne fulin da ke tafiya tare da kaya, domin igiya ta zagaye shi ta riƙe shi ta ɓangare biyu. A nan ƙugiya biyu ce, kowacce da zubi biyu na igiya, jimilla huɗu. A lissafi, hannu zai ja kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin keke: kilo 3.5 ga keke mai kilo 14, kilo 6 da kwata ga mai 25. A aikace gogayya tana cin nata rabo a kowane fuli, musamman na roba marasa boris, don haka mai kilo 25 zai nemi kusan 8. Abin da aka rage a ƙarfi kuma ana biyansa da tsawo. Ɗaga keke mita 1.5 na nufin jawo igiya mita 6, kuma mita shidan nan sai an sama musu wurin zama.

Abin da masu saye ba su cika lura da shi ba shi ne, hannunka aka sauƙaƙa wa, ba bango ba. Bango yana ɗauke da nauyin keke gaba ɗaya, da ƙarin ƙarfin da kake ja da shi. Sannan ga tsawon hannun ƙarfen, wanda shi ne ainihin matsalar na'urar bango. Nauyin da ya rataya a nesa da bango ba ƙasa kawai yake ja ba, yana ƙoƙarin ɓamɓaro farantin da ke haɗa hannun da bango ne daga sama yana danna shi daga ƙasa. Notin sama ficewa ake nema ya yi, ba yankewa ba.

Na yi lissafin da keken lantarki, ko da yake ba shi za a rataya ba, saboda abin da aka kafa a bango wata rana wani zai ɗora masa abin da ba a shirya ba. Baya ya fi gaba nauyi, a ce kilo 15 a hannun baya. Ta nan igiya ke saukowa, a ƙara 8 na ja, ya zama 23. Farantin da ya zo da na'urar gajere ne, daga notin sama zuwa gindinsa santimita 15. Hannu 45 a kan faranti 15 ninki uku ke nan, don haka abin da ke fizgar notocin sama ya kai kusan kilo 70. Wannan kuwa in ana ja a hankali ne. Idan igiya ta suɓuce maƙulli ya cafke ta farat ɗaya, ko yaro ya ja da ƙarfi, nauyin na ɗan lokaci yana iya ninkawa. Kilo 45 da aka rubuta a kwali maganar igiya da fuli da ƙarfe ce. Wanda ya rubuta bai ga bangonka ba.

Bangon

Da na ƙwanƙwasa bangon ƙurya da guduma, amon rami ya bayar. Na huda ɗan ƙaramin rami na gwaji: filasta kamar santimita ɗaya da rabi, sai fatar bulo wajen santimita 3, sai bakin injin ya faɗa fili. Bulon siminti ne mai rami, faɗin santimita 15. A cikin kwalin an haɗo da sukurori da 'yan robobin nan da ake cusawa a rami. A bangon kankare ko jan bulo cikakke suna iya yin aiki. A nan kuwa rabin robar zai tsaya ne a iska, abin da zai riƙe kilo 70 ɗin shi ne santimita ukun fatar bulo, wadda injin ma kan farfasa bayanta lokacin da ya ɓulla. Irin wannan ba ya faɗuwa ranar da aka kafa shi. Yakan yi watanni yana sassautawa, kowane ja yana ƙara cin bakin ramin, har ranar da zai zo da filasta gaba ɗaya, kuma a nan abin da ke ƙasa bonet ne da gilashin gaba.

Hanyoyin da ake bi a bulo mai rami ba su da yawa. Akwai huda bango har waje a zura dogon noti, a sa faffaɗan faranti ta baya a ɗaure. Wannan ya fi kowanne ƙarfi, amma bayan bangon nan ɗakin girki ne mai tayil, uwargida ta ce a'a tun kafin in ƙarasa bayani. Akwai noti na gam, inda ake cusa wani ɗan kwando mai raga a ramin, a matsa gam mai haɗi biyu ya tsattsafo ta ragar ya daskare ya zama dunƙule a bayan fatar bulo. Yana aiki sosai in an share ƙurar ramin kuma an bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta, amma duk da haka ƙarfinsa bai wuce ƙarfin bulon ba. Notin da ke buɗewa da ƙarfi idan an ɗaure, irin na kankare, shi ne bai kamata a kusantar da shi ga bulo mai rami ba, tsaga shi yake yi. (Wanda garejinsa na allon jifsam ne a kan katako, nasa lissafin daban ne: allon ba ya riƙe komai, sai an nemo ginshiƙan katakon da ke ciki, waɗanda galibi ke tazarar santimita 40 ko 60, a kwantar da katako mai kauri a kansu, sannan a kafa hannuwan a jikinsa.)

Abin da ya fitar da mu shi ne ci gaba da ƙwanƙwasawa zuwa sama. A wajen mita 2.72 amon ya canza ya zama tauri. Akwai ɗamarar kankare da magina suka zuba a saman bangon, ta zagaye ginin, kuma ta faɗo daidai inda ake son hannuwan su zauna. Tunda notin sama ne ke shan fizga, na ƙasa kuwa danna shi kawai ake yi, ba lallai faranti ya zauna a kankare gaba ɗaya ba. Ya isa notocin sama su shiga kankare, gindin ya jingina da bulo. Na kai hannuwan wurin mai walda ya ƙara wa kowanne faranti mai kauri, tsawon santimita 30 daga notin sama zuwa gindi, da ɗan tokari a karkace daga gindin zuwa tsakiyar hannu. Da wannan kaɗai ninki uku ya koma ɗaya da rabi, kilo 70 ya dawo 35, kuma noti biyu ne za su raba shi.

Notocin sama masu kaurin milimita 10 ne, irin na kankare, an huda musu a mita 2.82, wato santimita 10 sama da leɓen ɗamarar, domin notin da ya matsi baki yakan ɓalle gefen kankaren. Kafin huda an bi bangon da na'urar gano waya da ƙarfe, saboda akwai fitila a tsakiyar bangon kuma wayarta daga sama ta sauko. Rami ɗaya ya ci karo da rodi; ba a yanke shi ba, an matsar da hannun gefe kaɗan. Notocin ƙasa na gam ne, aikinsu hana farantin karkacewa gefe. Tazarar da ke tsakanin hannuwan biyu an ɗauke ta ne daga jikin keken, daga bayan sirdi zuwa tsakiyar kai, domin igiyoyi su sauko a miƙe. In sun buɗe ko sun tsuke, ƙugiyar sirdi takan zame.

Gwaji ba da keke aka yi shi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka biyu masu lita 20, ɗaya a kowace ƙugiya, sun ba da kilo 40 da ɗan nauyin roba: kusan ninki uku na keken yaron, kuma bai haura abin da aka rubuta a kwali ba. An ɗaga su tafin hannu ɗaya daga ƙasa, yadda ko wani abu ya saki ba za a yi ɓarna ba, aka ja layi da fensir a gefen kowane faranti, aka bar su suka kwana, mota tana waje. Da safe layin yana nan inda yake, filasta ba ta tsage ba.

Igiya, maɗauri, da yara

Maƙullin da ke cije igiya abin taimako ne lokacin ɗagawa, yana ba ka damar sauya hannu. Ban yarda a bar masa keke ya kwana a kansa shi kaɗai ba. Haƙoransa suna cin igiya a wuri ɗaya kullum, kuma abin da ke sakinsa shi ne a ja igiyar gefe, wanda yaro mai wasa zai iya yi ba da niyya ba. Saboda haka an kafa maɗaurin ƙarfe mai ƙaho biyu a bango, a naɗa igiya a kansa gicciye sau uku ko huɗu, a rufe da ɗauri, sauran mita shidan a naɗe su a rataye a ƙugiyar da ke sama da shi. An sa shi a mita 1.7, inda auta ba za ta kai ba ko ta yi ɗage. Igiyar da ke reto da madauki a tsayin wuyan yaro haɗari ce ta kanta, ko babu keke a sama. An kuma kafa shi can gefe, bayan ƙarshen tayar baya, domin mai ja ya tsaya a wajen inuwar keken, ba ƙarƙashinsa ba.

Igiyar da ta zo a kwali siririya ce mai santsi, irin robar da rana ke busarwa ta riƙa marmashewa, ga tagar gareji tana haska bangon nan da yamma. An musanya ta da saƙaƙƙiyar igiyar foliyesta mai kauri ɗaya, domin ta zauna a kwarin fuli kuma maƙulli ya kama ta. Foliyesta ta fi jure rana, kuma ba ta miƙewa kamar nailan. A ƙarshe an ƙara ɗamara ɗaya ta tsaro: zobe a jikin ɗamarar kankare, da ɗan bel mai ƙugiya da ake zagaya wa gangar keken idan ya kai sama. Sai an taka ɗan benci kafin a maƙala shi, kuma na san ba kullum za a yi ba, amma idan za a yi tafiya a bar gidan na makonni, yana nan.

Keken kansa ya zo da nasa sharuɗɗa. Birkinsa na mai ne, kuma yaron ya ji ana cewa rataye irin wannan keke yana lalata birki. Maganar tana da tushe, amma ta shafi keken da aka kifa ko aka tsayar a kan taya ɗaya: idan akwai 'yar iska a cikin man, tana iya tashi ta shiga bututu, birki ya yi laushi. Wanda aka ɗaga a kwance yadda yake tsaye a ƙasa, ba abin da ya canza masa. Abin da ya fi bukatar kula shi ne sandar sirdi, domin irin mai sauka da tashi ce da ake sarrafawa daga kan keke. Rataye keke ta sirdi alhali sandar tana ƙasa yana jan ta sama da ƙarfi, a wasu irin kuma hakan na sa iska ta gauraya da mai, sirdi ya riƙa lotsawa. Dokar ita ce a sake ta ta miƙe gaba ɗaya kafin a sa ƙugiya. Ƙugiyar gaba kuma a lura kada ta danne bututun birki ko wayar giya.

Wajen ɗagawa akwai wata ɗabi'a da duk na'ura mai igiya ɗaya ke da ita, ɓangaren da ya fi sauƙi shi ke fara tashi. Gaba yakan ɗaga ya bar baya a ƙasa, keke ya miƙe kamar zai tsaya da ƙafa ɗaya. Ba lalacewa ba ce. Ana ja kaɗan, a sa hannu a tallafi tayar baya ta daidaita, a ci gaba. Yaron ya gane abin nan da nan.

Sauran ukun

Keken lantarki ya zauna a ƙasa, inda ya dace da shi. An matsar da wurin tsayawar mota zuwa gefen fasinja, tazarar santimita 25 daga bango, gefen direba ya samu 95. Keken yana tsayawa a kan jakinsa a ƙuryar wannan gefen, kusa da tayar gaba ta mota, gaba da inda ƙofar direba ke buɗewa. Faɗin kansa santimita 66 ne, yana wucewa ta gefen madubi ba tare da an motsa mota ba, kuma akwai soket kusa. Na auta an sa masa ƙugiya biyu a ƙasa-ƙasa a bangon gefe kusa da ƙofa, inda za ta iya ɗauka da mayarwa da kanta. Tsohon keken kuwa, an yi maganar saya masa na'ura ta biyu, sai aka rasa bangon da za a kafa ta, aka kuma rasa wanda zai ce zai hau shi. An gyara tayoyinsa aka bayar.

A daɓe an kafa ɗan katako da tayar gaba ke tokara, domin mota ta riƙa tsayawa wuri ɗaya: santimita 40 daga bangon ƙurya, 60 a baya. Ƙofa tana rufuwa ba ta taɓa komai, but yana buɗuwa.

Bayan wasu watanni na koma duba notoci. Layin fensir bai motsa ba, noti ɗaya na ƙasa ya karɓi ɗan ƙarin ɗauri, shi ke nan. Abubuwan da suka fito ba daga bango suka fito ba. Laka da man sarƙa suna ɗiga a kan bonet idan an rataye keken da dawowarsa, don haka yanzu sai ya bushe an goge shi, ko a shimfiɗa tsumma a kan motar. Bonet ba ya buɗuwa gaba ɗaya idan keke yana sama, leɓensa yana dukan taya, mai duba mai ko ruwa sai ya ja mota baya. Ƙarshen kan keken ya yi wa fenti tabo inda yake taɓa bango in ana ɗagawa, aka manna ɗan falle na roba a wurin. Robar da ke jikin ƙugiyar gaba ta fara tsagewa, aka zura mata guntun tiyo kafin ƙarfe ya kai ga fenti. Igiya ta fara gashi daidai inda maƙulli ke cizo. An yanke santimita 20 daga can ƙarshen da ke ɗaure aka sake ƙulli, wurin cizon ya matsa zuwa sabon wuri.

Idan yaron zai fita Asabar da Lahadi a jere, ba ya rataye keken a daren Asabar. Yakan jingine shi a bangon ƙurya kamar dā, mota ta kwana a ɗan baya. Maigida ya so a hana, uwargida ta ce dare ɗaya a mako ba shi ne ya kore ta waje ba, aka bar shi haka.

Yanzu suna maganar sauya motar da babba mai tudu. Irin waɗannan sukan fi tsawo, hancinsu ya fi tsayi, gilashin gaba ma ya fi matsowa. Na ce kafin a biya a auna abu uku a jikinta: tsawonta gaba ɗaya, tsayin bonet a santimita 45 na farko daga hanci, da faɗinta har da madubai. Sama ba ta da sauran wurin matsawa, domin hannuwan suna santimita 15 ne kawai ƙasa da silin, ɗamarar kankaren ma a nan ta ƙare.